Baitin Mai Mura

Zuwa ga matata, Malama Nas,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, karatu kuma yana shiga. Yaya gajiyar asibiti, yaya marasa lafiyan da kuke koyon aiki a kansu? Allah ya ba su lafiya, ya kuma tsare su daga allurarki. Mu nan lafiya lau. Gimbiya ta warke daga tarin nan har ta koma makaranta, kuma ta ce in gaya miki kitson da Inna ta yi mata ya fi naki. Ni dai saƙo na isar, ki yi da uwarki da 'yarki.

Na san za ki yi dariya, ki ce me ya yi zafi mai waya biyu ya koma rubuta wasiƙa. Waya ba ta da amana yanzu. Ka tura wa mutum saƙo, kafin ka ajiye ya ɗauki hotonsa ya watsa. Direban motar da ke zuwa wajenku kuwa ni nake yi masa aski, kuma ko sunansa da ƙyar yake karantawa, don haka hankalina a kwance yake.

To, waƙa ta fita. Ƙarfe da Ƙarfe, ni da ƙaninki Auta, wanda yanzu in ka kira shi Auta a gaban jama'a sai ya ɗaure fuska, wai shi Tartsatsi. Ni ma samarin da ke zuwa shago sun daina ce mini Mai Aski, an koma Guduma kamar da can. Ba zan ɓoye miki ba, abin ya yi mini daɗi. Yaushe rabon da a sa muryata a rediyo? Tun Gimbiya tana goye. Jiya ina tsaka da gyara wa wani dattijo gemu sai na jiyo kaina a motar da ke wucewa, saura kaɗan in cire wa bawan Allah kunne.

Kin san ƙa'idar da muka kafa, tunda har a rediyo muka faɗe ta, kuma ita ta sa gari ya ɗauka tun kafin waƙar ta fito. Kiɗa ɗaya, amshi ɗaya, kowa da baitinsa, amma ba wanda zai ji na wani. Kowa ya shiga situdiyo shi kaɗai a rana guda, ya naɗi nasa, Injiniya ya rufe. In an rufe an rufe, ba gyara, ba sakewa. Haka muke yi a zamaninmu in ana son a san wanda ya iya gambara, domin wanda ya ji baitin abokinsa kafin ya rubuta nasa daidai yake da ɗalibin da ya ga takardar jarrabawa tun jiya. Ni na shiga da hantsi, shi da la'asar. Ina fitowa na turo miki nawa don zumuɗi, kika ce ya yi kyau sosai, kuma wannan kalmar taki ta fi mini duk tafin da aka yi daga baya.

Ɗan Tabarau ma ya yi sharhi. Kin san shi, mai shirin waƙoƙin nan na rediyo, wanda bai taɓa haɗa layi biyu ba a rayuwarsa amma kowa na tsoron bakinsa. Ya ce an yi kunnen doki, sai dai kunnen Tartsatsi ya ɗan ɗara tsawo. Ya ce tsoho bai yi tsatsa ba. Tsoho fa, ni! Na haɗiye wannan, don a bakinsa yabo ne. Har wani mai shirya wasanni ya zo shago da mota mai baƙin gilashi, yana son mu yi faifai guda tare, ni da Auta, sannan a zaga da mu garuruwa. In wannan ta tabbata, sai in sa wani a shagon, in huta da shaƙar gashin mutane.

Amma akwai maganar da Ɗan Tabarau ya yi wadda ta tsaya mini a wuya. Ya ce baitin Tartsatsi ya zauna a jikin nawa kamar tela ya gwada, sai ka rantse ya ji nawa kafin ya rubuta nasa. Shi dai yabo yake nufi, ya faɗa ya wuce. Ni kuwa tun ranar nake juya ta. Wataƙila ba komai ba ne, kin san ni da sa abu a rai.

Ki kula da kanki, ki riƙa cin abinci a kan lokaci. Ki gaida abokiyar ɗakinki mai minsharin nan.

Naki har kullum,
Guduma


Zuwa ga matata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina yi miki sannu da ƙoƙari. Ina fata ciwon bayan da kika ce tsayuwar aiki ta sa miki ya yi sauƙi. Gimbiya lafiya, Inna lafiya, sai ƙafarta da ta ɗan motsa.

Amsarki ta iso, na karanta har na kusa haddace ta. Kin ce in gode wa Allah in bar tone-tone. Na gode masa. Amma ki saurara ki ji, in kin gama sai ki ce mini mahaukaci.

Ranar naɗin, da safe kafin in tafi situdiyo, Auta ya zo na yi masa aski saboda hoton da za a ɗauke mu. Mura ce a jikinsa kamar ta kayar da shi. Atishawa yake ta yi, sai da na riƙe kansa da hannu ɗaya don kada in ɓata masa layin goshi. Hanci a toshe, in ya ce mini Yaya sai ka ji kamar daga cikin bokiti yake magana. Har na ce masa mu ɗaga ranar, ya ce a'a, ƙa'ida ƙa'ida ce. To, yanzu ki sa waƙar a kunne. Ina murar? Murya tas, kamar an wanke ta da sabulu. Na kira Injiniya na tambaye shi cikin wasa, ya ce ai kwamfuta tana gyara murya. Na ce na yarda, amma ban taɓa jin kwamfutar da ke fyace wa mutum hanci ba. Sai ya ce yana da baƙi, ya kashe waya.

Ba wannan kaɗai ba. Auta gudu yake yi a kan kiɗa, shi ya sa ake ce masa Tartsatsi, kalma na korar kalma, ba ka gane inda ya sha iska. A wannan waƙar kuwa tafiyata yake yi, a hankali, yana tsayawa daidai inda na tsaya. Ni na koya masa jan numfashi tun yana ɗan sakandare yana laɓe mini a bakin ɗaki, na san yadda yake yi in shi kaɗai ne. Wa ya gaya masa inda na tsaya?

Sai kuma ladabin da ya tsiro da shi. Da can in ya shigo shago sai ya ɗauki turarena ya fesa ba tambaya, ya ce kayan mijin yaya ai na ƙani ne, in kai masa duka ya goce yana dariya. Yanzu daga bakin ƙofa yake sallama, har da rusunawa. A hirar da aka yi da shi ya kira ni ubangidansa, ya kira ni malaminsa, ya ce duk abin da ya iya a bakina ya tsinta. Masu jiran aski suka ce kai, yaron nan akwai tarbiyya. Ni kuwa ban gamsu ba. Auta da na sani bai taɓa yabona ba sai in yana son aron babur. Shekaranjiya ya kawo wa Gimbiya takalmi, ya ƙi zama, ya ƙi haɗa ido da ni.

An kuma gaya mini an gan shi da Ɗan Tabarau suna shan shayi a bayan gidan rediyo. Mai shirya wasannin ma, ranar da muka haɗu mu uku, da muka fito sai ya ja Auta gefe suka daɗe suna ƙus-ƙus, ni ina tsaye ina kaɗa makullin babur kamar ɗan rakiya. Abin da zuciyata ke ba ni shi ne Injiniya ya buɗe masa baitina, ya saurara, ya koma ya sake nasa bayan ya warke. In haka ne, wannan ɗan tsawon kunnen da ake cewa ya fi ni da shi na sata ne. Kuma in sun yi mini wannan a waƙa ɗaya, me za su yi mini a faifai guda? So suke a hau kan sunana, in an kai inda ake so a sauke ni a hanya.

Ki yi haƙuri, na san ƙaninki ne, ciki ɗaya. Ni ma ina son yaron nan, shi ya sa abin ke ci mini rai. Amma wa zan gaya wa in ba ke ba? In yi a shago, kafin in gama share gashi ya zaga gari.

Gimbiya ta zana miki hoton kyanwa, na sa a ciki. In kin ga ya fi kama da akuya, kada ki faɗa mata.

Mijinki mai kewarki,
Guduma


Zuwa ga matata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, kuma kin huce. Ki yafe mini kashe wayar da na yi kina magana, raina ne ya ɓaci. Kina kuka kina cewa in rufa wa kaina asiri in bar maganar nan. Na lura da abu ɗaya, ba ki ce ƙarya nake yi ba, cewa kika yi in bari. Ban ga laifinki ba, ɗan'uwanki kike karewa, ko ni ne haka zan yi.

Amma magana ta riga ta fito. Na rufe shago da rana tsaka na tafi situdiyon. Kin tuna shi, ɗan ɗakin nan a saman shagon masu faci, wanda aka manna wa bangonsa soso, in an fara naɗi a kashe fanka kowa ya jiƙe da gumi. Na tarar da Injiniya shi kaɗai, abin jin sauti a wuya, yana cin gyaɗa. Na mayar da ƙofa na zauna a kan lasifika. Na ce masa shekarunmu nawa tare, waƙata ta farko a hannunsa aka naɗe ta lokacin da kwamfutarsa sai an yi mata fifita, yau ina son ya dubi idona.

Ya yi kame-kame, ya yi tari, ya share gilashin kwamfuta da hannun riga. Daga ƙarshe ya amsa. Auta ya dawo bayan murar ta sake shi, da sabon baiti a hannu, ya roƙe shi ya buɗe aikin da aka riga aka rufe. Amma ya rantse da abin da zai kashe shi ba shi ya ba shi nawa ba, wai Auta da baitina a bakinsa ya shigo, ya haddace shi tsaf. Na ce to aljani ne ya kai masa? Sai ya kama hannuna ya ce, Guduma, don girman Allah ka bar wannan magana, alheri aka yi maka. Kin ji fa. An yi mini satar jarrabawa, wai alheri.

Muna cikin haka masu faci suka ƙwala masa kira daga ƙasa, wai ya zo ya janye babur ɗinsa mota za ta shiga. Ya sauka ya bar kwamfuta a buɗe. Ni ba injiniya ba ne, amma na zauna a ɗakin nan abin da ya isa in san inda ake ajiye kaya. Na ga naɗin Tartsatsi guda biyu, tsoho da sabo. Na taɓa tsohon. Abin da na fara ji shi ne jan majina, sannan muryar nan ta cikin bokiti tana cewa gwaji, gwaji. Na ce alhamdu lillahi, ga murata. Na jiyo takunsa a matakala, na yi maza na kwafe a fulas, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta a ɗebi waƙa, na jefa a aljihu.

Ban ji sauran ba, kuma ba na buƙatar ji. Duk wanda ya san sana'ar nan ya san mawaƙi ba ya komawa ya sake baiti sai in na farkon ya kwaɓe. Ban taɓa ganin wanda ya koma don wani dalili daban ba. Wato a ranar da aka yi karon gaskiya, ni da shi, na kayar da shi, ya ji kunya ya bi ta bayan gida.

Na kira Ɗan Tabarau na ce ina da abin da zai sa gari ya tsaya. Ya ce in zo shirinsa na Asabar, kai tsaye. A can zan miƙa masa fulas ɗin a gaban kowa, mu ji tare, kada ya samu damar tsegunta wa abokin shan shayinsa. Ba so nake in kashe Auta ba, Allah ya sani. So nake a gyara hukunci, a san tsawon kunnen wa ya fi, sannan in za a yi faifan a yi shi kowa ya san matsayinsa.

Da gangan na ba direba wannan a makare. Kafin ta iso hannunki an gama, don na san in kika sake yi mini kuka zan iya fasawa.

Ki yi mini addu'a ko da ranki bai so ba.

Naki,
Guduma


Matata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Na ga kiranki, na kasa ɗauka. Na san kin ji, don an ce har wajenku shirin yana kaiwa, amma gara ki ji daga bakina.

Ɗakin rediyon sanyi ne da shi kamar firiji, ga jar fitila a saman ƙofa, ga wata yarinya a bayan gilashi mai kula da na'ura. Ɗan Tabarau ya ba ni fili, ni kuwa na baje. Na yi magana a kan amana, na yi magana a kan yadda muke yi a zamaninmu, na ce yaran yanzu ba su san kunya ba. Na kira Auta ɓarawon jarrabawa. Da bakina na faɗa, da sunansa, gari na ji. Sannan na ciro fulas na ɗora a tebur, na ce a sa a ji abin da yaro ya yi ranar da ba a ba shi amsa ba.

Aka sa. Ya ja majina, ya ce gwaji, gwaji, har na yi 'yar dariya a makirfo. Sai kiɗa ya shigo.

Nas, na shekara fiye da ashirin ina wannan abu, ban taɓa jin irinsa ba. Murar ma kanta sai ta zama ado, muryar ta yi kauri ta yi kaushi kamar ba tasa ba. Ya faro a guje, ya taka birki, ya sake ɗauka ta wata hanyar da ban san kiɗan yana da ita ba. Ni a ƙarshen layi nake ajiye kalmomin da suka dace da juna, shi kuwa a tsakiya yake zuba su, biyu, uku, kafin ka gama jin daɗin ɗaya wata ta wuce. Labarin layin gidanku ya bayar, tun daga famfon da ba ya kawo ruwa har ranar da aka fito da gawar Baba, kuma inda kiɗan ya ɗauke bai tsaya ba, ya ci gaba shi kaɗai da toshasshen hancinsa. Yarinyar bayan gilashi ta ɗora hannu biyu a ka. Ɗan Tabarau ya cire tabarau ya ajiye. Da baitin ya ƙare, sai da yarinyar ta buga gilashi kafin ya tuna ana sauraronsa a waje.

Ya ce a maimaita. Aka maimaita, ina zaune, makirfo a buɗe a gabana. Sannan ya juyo ya ce, to Guduma, me za ka ce? Na ce ƙa'ida dai an karya ta. Ya ce haka ne, an karya ta, amma don wa?

Washegari ya rubuta dogon sharhi a shafinsa. Ya janye kunnen dokin. Ya ce abin da muka fitar sadaka ce Tartsatsi ya yi, ya ɗaure ƙafarsa ɗaya don tsoho ya iya jerawa da shi. Ya ce ya ga mawaƙa da yawa an binne su a waƙarsu, amma ni ne na farko da ya haƙa ramin da kansa, ya kuma gayyato 'yan kallo. Wani ɗan banza ya riga ya haɗa tsohon baitin da kiɗan ya cire nawa gaba ɗaya, shi ake sa wa a motoci yanzu. A shago ba wanda ke tsokanata, kuma da sun tsokane ni da ya fi mini sauƙi. Mutum zai shigo, ya zauna, ya ce a rage gefe, ya kafa ido a ƙasa. Mai shirya wasannin ya daina ɗaukar wayata.

Amma ni fa ban yarda abin nan haka kawai ya faru ba. Ki duba. Don me Injiniya bai goge tsohon naɗin ba? Don me ya bar kwamfuta a buɗe, shi da ko fitsari zai je sai ya kulle ta? Wa ya sa masu faci su kira shi daidai lokacin? Ɗan Tabarau kuma, wannan tambayar tasa ta don wa, a shirye take a bakinsa kamar ya kwana da ita. Ina jin tarko aka ɗana mini, aka bar ni na shiga da ƙafata. Da Auta ya fitar da baitin da kansa, da an ce ya ci mutuncin mijin yayarsa. Yanzu kuwa ya samu biyu, ga baiti ga sunan mai tausayi.

Kuma har yanzu ba a amsa mini tambayata ta farko ba. Wa ya ba shi baitina? Har direban nan na fara yi wa wani kallo, ko ƙaryar rashin karatu yake yi.

Gimbiya tana wajen Inna kwana biyu, ba na son ta gan ni haka.

Mijinki,
Guduma


Zuwa ga matata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, jarrabawa kuma ta zo da sauƙi. Gimbiya lafiya, ta dawo gida, haƙorinta na gaba ya fita.

Auta ya zo shago ranar Talata da safe, ba kowa sai ni. Bai rusuna ba wannan karon. Ya zauna a kujera ya ce a yi masa aski. Na yafa masa ƙyalle na kunna injin. Na gama gefe ɗaya muna kallon juna a madubi. Ya rame. Daga ƙarshe na kashe injin na ce ya gaya mini gaskiya, tarko ne ko ba tarko ba.

Ya yi wata dariya mara daɗi. Ya ce, Yaya, wannan baitin shi ne mafi kyawun abin da na taɓa yi, kuma na san ba lallai in sake yin irinsa ba. Ina ji ina gani na binne shi, na zauna na rubuta wanda bai kai shi ba, ina cire layi mai kyau ina sa mai dama-dama, ka san zafin wannan kuwa? Ya ce Injiniya ne ya ƙi gogewa, wai hannunsa ba zai iya ba. Ya ce shayin da aka gan shi yana sha da Ɗan Tabarau, roƙonsa ya je yi ya daina ce mini tsoho. Na ce to wa ya sa ka? Ya ce wanda ba zai iya ce wa a'a ba ne ya roƙe shi, kuma ya yi alkawari ba zai faɗa ba.

Na ƙarasa askin. Ya ce mai shirya wasannin ya daɗe yana binsa su yi faifan shi kaɗai, tun ranar ƙus-ƙus ɗin nan, yana ƙi. Yanzu ya karɓa. Ya ce ba don baitin ba, don na kira shi ɓarawo Inna tana jin rediyo. Da zai fita ya ce, sai an jima, Malam. Tun da na aure ki yaron nan bai taɓa kirana da wani abu ba sai Yaya.

Na ce a raina wanda Auta ba zai iya ce wa a'a ba ai Inna ce. Da yamma na je ɗauko Gimbiya, na sami Inna a falo tana ninke wanki. Na durƙusa na ba ta haƙuri, ta yi mini faɗa son ranta, na sunkuyar da kai na sha. Sannan na lallaɓa na tambaye ta ko ita ta sa Auta ya sake waƙarsa. Ta ce ita ina ruwanta da haushin karnukanmu, ko baiti ne ko buta ba ta san bambanci ba. Ta ce ita dai ta san waƙar nan fitina ce tun ranar da kika kira Auta. Yana kwance a doguwar kujerar nan da murarsa, kunnuwa a toshe, ya sa wayar a lasifika, tana ɗaki tana ji. Kina kuka kina cewa, Auta ka rufa masa asiri, na ji naka na ji nasa, in ta fita a haka ya gama. Ga nasa nan na turo maka, ka sassauta, ka bi shi a hankali. Inna ta ce ita ta ɗauka wani laifi na yi a gari. Ta ci gaba da ninke zaninta, ba ta ma san abin da ta faɗa mini ba.

Na manta Auta ma ke yake fara tura wa duk abin da ya naɗa, tun yana yaro.

Na dawo gida na sa su biyun a jere, nawa da nasa na mura, na saurara da kunnen da nake sauraron na wasu. Kin yi gaskiya. Da ta fita a haka, da na gama tun ranar. Kunnenki ya fi na Ɗan Tabarau, don shi sai da aka nuna masa. Na san kuma don ni kika yi, ba sai kin faɗa ba. Ban san ko in gode miki ba ne, na gwada, ya ƙi fitowa.

Abin da ya hana ni sukuni daban ne. Ranar kin ce mini ya yi kyau sosai, kika ajiye waya, da kika ji nasa kuma kika kira ƙaninki kina kuka. To sauran fa? Duk baitocin da na yi ta karanta miki a bakin ƙofar kicin kina gyaɗa kai kina cewa in sake, tun yaushe gyaɗa kan ya zama na tausayi? Tun bara? Tun kafin a haifi Gimbiya? Da ni kika gaya wa, da na yi fushi na kwana biyu, na yaga takardar na sake zama, ko in haƙura in bar wa yara. Sai kika gaya wa Auta. Shi ya sani, Injiniya ya sani, kuna ta bi da ni a hankali kamar mara lafiyan da aka ɓoye wa sakamakon gwaji, ni kuma ina ta yawo a gari ina neman ɓarawo.

Kada ki amsa ta hannun direba, kada kuma ki kira. Ki bari sai kin dawo, ki faɗa mini ina kallon fuskarki, don yanzu ban san yadda zan karanta rubutunki ba. Ɗakinki yana nan yadda kika bar shi, zan zo tasha in ɗauke ki.

Na zargi Injiniya, na zargi Ɗan Tabarau da mai baƙin gilashi da masu faci, na ci mutuncin yaron da ya yanka baitinsa saboda ni. Mutum ɗaya ce tak ban taɓa zarga ba, kuma ita nake zama ina rubuta wa sunayen waɗanda nake zargi.

Allah ya ba da sa'ar jarrabawa, ya dawo da ke lafiya.

Mijinki,
Mai Aski